Ƙwallon Dakan Tafarnuwa

Firmin ya ɗora ƙwayar maganin a kan faranti, ya ɗauki ƙwallon gilashin da hannu biyu, ya danna. Ƙwayar ta ce ƙaras. Maƙwabcinsa Norbert, da ke zaune a kujerar bakin taga, ya runtse ido sai ka ce a kan haƙorinsa aka danna.

"Dubi Farfesa," in ji Firmin, yana yi wa 'yarsa Odile nuni da haɓa. "Ni ne a kwance, shi ke yamutsa fuska."

"Akwai cokali a gidan nan," in ji Norbert. "Akwai ɗan turmi ma. Na san akwai, don ni na kawo wa marigayiya matarka Irène shi daga Nancy."

"Turmi yana nesa. Wannan yana kusa."

Odile ta share garin maganin cikin kofin ruwa, ta tallafo kan mahaifinta ya sha. Kwana tara ke nan da aka sauko da gadonsa daga bene zuwa ɗakin girki, kusa da murhu, saboda ƙafafunsa sun daina hawa matakala, maƙogwaronsa kuma ya daina karɓar ƙwaya. Likita ya zo ranar Litinin, ya daɗe a bakin ƙofa yana magana da Odile ƙasa-ƙasa, ya tafi bai canza magani ba. Duk layin an san abin da hakan ke nufi.

Firmin ya goge baki, ya jawo ƙwallon ya ɗora a ƙirji. Madannin takarda ne, girmansa bai wuce na lemon zaƙi ba. A cikinsa ƙananan furanni ne cunkushe, ja da shuɗi da fari, a tsakaninsu ga ɗan zakara, ga barewa, ga kare, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba.

"Na yi magana da Thiébaut magini," in ji shi. "Wannan za a dasa min."

Norbert ya gane nan take. A maƙabartar garinsu da wuya ka ga kabarin mai hura gilashi ba ƙwallo a kansa, an kafa shi da siminti. Yawanci irin waɗanda ma'aikata ke yi wa kansu ne da ragowar gilashi lokacin hutun rana, kafin a busa jiniyar komawa aiki. Ba wanda ke damuwa in sun dusashe ko sun tsage.

"Wannan?" in ji Norbert. Muryarsa ta fito siririya. "A waje? Ka san abin da ƙanƙara ke yi wa gilashi mai rauni, kai da ka tsufa a bakin tanderu. Ga tabo uku a gefensa, duk aikin tafarnuwarka. Ruwa ya shiga, ya daskare, sanyi biyu ko uku ya rabe gida biyu."

"To sai me? Ba kai ka ce na 'yan yawon buɗe ido ba ne? Masani ya faɗa, ni wane ne? Waɗanda na yi da hannuna Odile ta riƙe. Na banzan shi zai bi ni."

"Baba, ka bar Kawu Norbert ya huta," in ji Odile.

"Ai hutawa yake. Dubi yadda ya yi fari."

Shekara talatin da ɗaya ke nan da abin ya faru. Wata Lahadi bayan an taso daga coci, Firmin ya ƙwanƙwasa ƙofar Norbert, ya ciro wani abu daga aljihun kwat, a naɗe cikin hankici. Gwaggon Irène ce ta rasu, aka ba su akwatin tarkacenta, suka tsince shi tsakanin maɓallai da tsofaffin makullai. "Farfesa, duba min wannan," in ji shi. Norbert ya sa madubinsa na ƙara girma a ido. Ya ga zakaran, ya ga barewar, sannan can ƙasa a gefe ya ga lambobi huɗu kamar ƙwayar riɗi: 1848. Irin wanda sai a littafi yake gani.

Abin da ya taso masa ba murna ba ce. Hassada ce. Shi ne mai sammako zuwa kasuwannin tsofaffin kaya, shi ne mai karanta littattafai har idonsa ya lalace, bai taɓa samu ba. Sai wannan, da bai taɓa buɗe shafi ɗaya ba, abu ya faɗo masa cikin akwatin maɓallai.

"Kwaikwayo ne," ya ji bakinsa ya faɗa. "Na bayan yaƙi. Irin wanda ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido. Amma in ka ga dama ka bar min shi, in ba ka sabo mai kyau a madadinsa."

Firmin ya dube shi ɗan lokaci. Sannan ya karɓe abinsa ya jefa aljihu, ko hankicin bai mayar masa ba. "A'a, bar shi," in ji shi. "Tunda na banza ne, dama Irène tana neman abin dakan tafarnuwa."

Gaskiyar magana, hassadar ta girmi ƙwallon. Rana ɗaya su biyun suka shiga kamfanin gilashi suna samari. Uban Norbert mai hurawa ne, kakansa ma haka, amma shi sau biyu zafin tanderu na sumar da shi a mako na farko, har shugaban aiki ya ce masa, "Kai takarda ce ta dace da kai." Ya koma gidan waya ya yi shekara arba'in yana buga hatimi. Firmin kuwa gilashi ya bi hannunsa kamar tare aka haife su. Norbert ya rama ta hanyar saye. Ya tara madannai ɗari da goma sha biyu, tsofaffi da sababbi, a cikin kabad mai kulle, ba ya taɓa ko ɗaya sai da farar safar hannu. Duk da haka, in ya ga Firmin ya ɗauki kofi ya ƙyasta shi da farce yana sauraron amonsa, sai ya ji kamar bai mallaki komai ba.

Tun daga waccan Lahadin ba a yi yini guda Norbert bai shiga gidan Firmin ba. Ya zo aron jarida, ya zo mayar da jarida, ya zo tambaya ko su ma wutarsu ta ɗauke. Mutanen layi suna cewa ba a taɓa ganin aminai irinsu ba. Shi kuwa ƙwallon yake zuwa dubawa. Ya gan shi ana tokare ƙofa da shi, ya gan shi yana danne mayafin tebur a lambu ranar iska, ya gan shi cikin kwanon wanke-wanke tare da wuƙaƙe. Kowane tabo a jikinsa Norbert ya san ranar da aka yi shi, kuma kowanne ya hana shi cin abinci. Bakinsa kuma a ɗinke, don shi ya ce na banza ne.

Yanzu ga shi gaba kura baya sayaki. In ya faɗi gaskiya, ya tabbata maƙaryaci a gaban mai shirin mutuwa, Odile kuma ta tafi da ƙwallon Strasbourg inda take aure, ba shi ba ƙara ganinsa. In ya yi shiru, ƙanƙara ta fasa shi a kan kabari.

Da ya koma gida ya zauna gaban kabad ɗinsa. Bango ɗaya ya raba gidajen, irin gidajen da kamfani ya gina wa ma'aikata a jere, don haka yana jin komai. Tsofaffin abokan aikin Firmin sun zo, kamar yadda suke zuwa kullum da la'asar, wannan da tukunyar miyar dankali, wancan da kwalbar giyar gida. Suna ba da labarin ranar da wani ya hura kwalba har haƙorinsa na roba ya faɗa ciki. Dariya ta ratso bango. Norbert ya ji haushi ya cika shi. Mutum ko mutuwa zai yi, sai tasa ta fi ta kowa armashi. Ya tambayi kansa wa zai kawo masa miya in tasa ta zo, bai sami suna ko ɗaya ba sai na mutumin da ke kwance a bayan bangon.

Idonsa ya faɗa kan wani madanni a layi na uku. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya saye shi a Paris, sabo fil, don kawai ya yi kama da na Firmin, ko zai rage masa zafi. Girma ɗaya, furanni iri ɗaya, har da zakara da barewa. Ya daɗe yana kallonsa.

Ba sata ba ce, ya gaya wa kansa. Ceto ne. Wanda ya ga yaro zai faɗa rijiya ai ba ya tsayawa neman izinin uwarsa.

Washegari da safe ya shimfiɗa tawul a kan tebur, ya ɗauko ƙusa da ƙaramar guduma. Mutumin da a rayuwarsa bai taɓa ajiye gilashi da ƙarfi ba, ya dafe nasa ya yi masa tabo uku, kowanne a daidai inda na Firmin yake. A bugun farko sai da ya yi ƙara kamar shi aka buga. Da ya gama ya ja da baya ya duba, ya ga saura abu ɗaya. Ya shiga ɗakin girki ya ɓare tafarnuwa, ya goge gindin ƙwallon da ita.

Ranar Alhamis da azahar Odile ta leƙo ta kan shinge.

"Kawu, don Allah ka zauna da Baba in je kantin magani. Yana barci. Tun jiya idonsa ya daina gani sosai, in ya farka ka yi masa magana don ya san kai ne."

"Je ki, 'yata, kar ki yi sauri."

Ɗakin girkin yana warin magani da kofi. Firmin ya ƙanƙance cikin bargo, hannuwansa a waje, manyan hannuwan nan masu tabon ƙuna da ba su rame tare da sauran jikin ba. Ƙwallon yana kan tebur tsakanin kwalaben magani. Norbert ya tsaya yana sauraren numfashin. Sannan ya ɗauke shi da hannun dama, ya ajiye nasa da na hagu. Bai ɗauki lokacin ƙifta ido ba. Shekara talatin da ɗaya yana jira, ga abu a aljihunsa yana rinjayar kwat ɗinsa gefe guda, amma maimakon daɗi sai tsoro ya kama shi. Ya zauna ya ɗora hannu a kan aljihun.

"Farfesa, kai ne?" in ji Firmin, bai buɗe ido ba.

"Ni ne. Ta yaya ka sani?"

"Kai kaɗai ke zama a kujerar nan kamar za a caje ka kuɗin zama. Miƙo min ƙwallona. Sanyinsa yana min daɗi a hannu."

Norbert ya miƙa masa. Firmin ya karɓa a tafin hannu. Ya ɗaga shi kaɗan ya sauke, ya ƙara ɗagawa. Babban yatsansa ya zagaya gindin, ya hau gefe, ya tsaya a kan tabo na farko, ya wuce na biyu. Har yanzu idonsa a rufe.

"Aiki mai kyau," in ji shi a hankali. "Wanda ya yi shi yana da hannu. Amma wannan ba nawa ba ne."

"Me kake faɗa haka? Zazzaɓi ne ke..."

"Bai kai nauyi ba. Magabata ba sa rowar dalma a gilashi. Gindinsa kuma sumul, nawa ya fi shekara ɗari yana gogar tebur. Tabon nan bakinsa na da kaifi, bai kwana uku ba." Ya kai shi hanci ya shinshina. Sai ƙirjinsa ya fara rawa. Norbert ya zabura, ya zaci ajali ne, ashe dariya ce. "Har da tafarnuwa! Kai, Norbert! Har da tafarnuwa!"

Ya yi ta dariya har ta koma tari, Norbert ya tallafe shi ya ba shi ruwa. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Kunya ta rufe shi har ya ji kunnuwansa na zafi. Ya ciro ƙwallon daga aljihu ya ɗora a kan bargon.

"Na gaske ne," in ji shi. "Na 1848 ne. Ban taɓa riƙe kamarsa ba, kafin ranar nan da bayanta. Ƙarya na yi maka."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Shekara arba'in da huɗu a bakin tanderu, kana zaton sai na tambayi mai buga hatimi kafin in gane tsohon gilashi? Tun a cikin akwatin maɓallan na ɗaga shi na sani."

"To me ya kawo ka wurina ka ce in duba?"

Firmin ya mai da numfashi. Agogon bango ya buga biyu da rabi.

"Kyauta na kawo maka," in ji shi. "Irène ce ma ta naɗe shi a hankici. Ta ce mu me za mu yi da shi, kai wa Norbert, shi ya san darajarsa. Na ce bari in bar ka ka gano da kanka, in ga fuskarka, sannan in ce naka ne. Sai ka buɗe baki."

Norbert ya ji kamar ƙasa ta zame a ƙarƙashin kujerar. Abin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana ƙyashi, ashe ya taɓa zama nasa na minti biyu.

"Da farko fushi na yi," in ji Firmin. "Na ce ba zan ba ka ba sai ka faɗa da bakinka. Na zaci mako guda ne. Na sa shi a tafarnuwa don in hanzarta ka, kai kuwa taurin kai kamar jakin gawayi. Daga baya kuma na ga kullum kana zuwa, ka zauna, ka sha kofina, ka harare ni. Da Irène ta tafi, su wancan taron sati biyu suka yi suka watse. Kai ne ba ka fasa ba ko yini ɗaya."

"Ba don kai nake zuwa ba," in ji Norbert. Tunda gaskiya aka fara, ya ga gara a ƙarasa. "Don shi nake zuwa."

"Na sani. Amma ai ni kake tararwa."

Norbert ya sunkuyar da kai. Can ya ɗago, kuma ko a wannan hali kwaɗayin bai mutu ba, don hali zanen dutse ne.

"To yanzu ai na faɗa."

"Ka faɗa, bayan an kama ka da hannu cikin tukunya." Firmin ya yi murmushi. "A'a, Farfesa. In na ba ka, za ka kulle shi a kabad ka kulle kanka tare da shi, sai wari ya sanar da layi ka mutu. In yana kan kabarina kuwa dole ka fito. Irène ba ta da surutu, ni kuma na saba da mitarka."

"Zai fashe, Firmin."

"Sai ka san yadda za ka yi. Kai ne masani." Ya lalubo ƙwallon na gaske ya tura masa. "Tafi da shi gidanka. Ka wanke shi, ka kalle shi iya son ranka har Thiébaut ya gama aikinsa. Ranar ka kawo shi da hannunka. Wannan mai tafarnuwar bar min shi in daka magani."

Bai daka da yawa ba. Ranar Asabar da hantsi, Norbert yana shan kofi ya ji an ja kujera da ƙarfi a bayan bango, sai kuma shiru, sai muryar Odile tana kiran "Baba" sau biyu, na biyun ba da ƙarfi ba. Ya ajiye kofin. Kafin ya sa takalmi ta riga ta buɗe tagar ɗakin girki, kamar yadda ake yi a garin in rai ya yi halinsa.

An binne shi ranar Talata kusa da Irène. Cocin ya cika har waje. Tsofaffin masu hurawa suka jera a bakin ƙofa riƙe da dogayen bututun aikinsu, aka wuce da akwatin ta ƙarƙashinsu. Norbert yana tsaye a baya yana ƙirga kawuna, ya kama kansa yana jin haushin yawansu, ya ji kunyar kansa, ya ci gaba da ƙirgawa.

Da za ta koma Strasbourg, Odile ta shigo ta miƙa masa kwaikwayon a cikin jakar takarda.

"Ga naka, Kawu. Baba ya ce in mayar maka. Ni dai duk ɗaya nake ganinsu, Allah kuwa."

"Ya gaya miki?"

"Tun ina makaranta Mama ta ba ni labari. Duk layin nan an sani ai." Ta sumbace shi a kumatu biyu. "Ba zan samu zuwa ranar dasawa ba. Ya ce kai za ka tsaya."

Mako biyar Thiébaut ya ɗauka kafin ya gama dutsen kabarin. Mako biyar ƙwallon yana gidan Norbert. Ya wanke shi da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba zafi ba sanyi, ya goge da tsumma mai laushi, ya ba shi tsakiyar layi na sama. Ya ƙirga furannin, ya gano wani ɗan doki da bai taɓa lura da shi ba. A kwanakin farko ko fita ba ya yi. Amma bangon ya yi tsit. Ƙarfe huɗu ta yi, ƙafarsa ta kai shi bakin ƙofa da jarida a hannu, sai ya tuna. Ya koma ya zauna gaban kabad, ga abin da ya fi so a duniya a gabansa, ba kuma wanda zai harara. Ya yi kewar Firmin, kewa mai tsanani, abin kuma ya ba shi haushi.

Ranar dasawa ya fita da ƙwallo biyu, na gaske a aljihun dama, kwaikwayon a na hagu. Ganyen itatuwa ya gama zuba, iska na saukowa daga tuddai da sanyi. A maƙabarta ba kowa sai Thiébaut, yana durƙushe yana dama siminti a tsohon bokiti. Ya riga ya fafe ɗan gurbi a saman dutsen, daidai ƙarƙashin sunan.

"Ka kawo, Malam Norbert? Yi sauri, ba ya jira in ya fara kamawa."

Norbert ya sa hannu biyu a aljihu biyu. Odile ta ce duk ɗaya take ganinsu. Thiébaut kuwa ko kwan agwagwa ka ba shi zai dasa. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya bambancewa, shi kuma yana ƙarƙashin dutsen nan. Ya fara zaro hannun hagu. Sai ya tuna babban yatsan nan yana zagaya gindin gilashi, ido a rufe, da ƙirjin da ke rawa da dariya. Wanda ya gane da ido a rufe, ƙasa ba za ta hana shi ganewa ba. Kuma in kwaikwayo ne a nan, me zai fito da shi daga gida?

"Tsohon banza," ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Na'am?"

"Ba da kai nake ba. Matsa."

Ya zaro hannun dama. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara, ya zaunar da ƙwallon cikin simintin da kansa, ba safar hannu. Ya juya shi a hankali har tabon uku suka fuskanci ƙasa inda ruwa ba zai kwanta ba, lambobin nan huɗu kuma suka fuskanci inda mai tsayuwa zai tsaya. Ya goge ɗigon siminti da gefen rigarsa. Thiébaut ya shafe gefen da cokalin gini, ya tattara kayansa ya tafi.

Washegari ƙarfe huɗu Norbert ya zo da jarida a hammata. Washegarinsa ma haka. Yakan tsaya ya duba gilashin ta kowane gefe, ya cire ganyen da ya faɗo, ya yi mita a kan tsuntsayen da ba su da tarbiyya, sannan ya karanta kanun labarai da ƙarfi, yana tsayawa a wuraren da ya san da an yi masa gardama.

A mako na uku sararin sama ya washe tas tun da rana, iska ta tsaya cak, irin yinin da kowa a garin ya san ƙanƙara za ta kwana a ƙasa. Kafin ya gama jaridar numfashinsa ya fara fita fari. Ya naɗe ta, ya taɓa ƙwallon da bayan hannu, ya ji ya yi sanyi ƙalau. Ya duba hagu, ya duba dama. Sannan ya cire hular ulun da ke kansa, ya sanya wa ƙwallon, ya ja bakinta ƙasa sosai har ta rufe simintin, ya danne gefen da ƙananan duwatsu biyu.

Ya ɗaga wuyan kwat ɗinsa ya kama hanyar gida, sanƙonsa a waje, kunnuwansa sun yi ja.